Mai Guga da Takardar Honarabul

Kwafi dubu ɗaya da ɗari biyu muke bugawa kowane wata, ni kuma nake raba su. Wuri talatin da takwas nake ajiyewa: kemis tara, shagon aski bakwai, makaranta shida, tasha biyu, asibiti ɗaya, ragowar sha ukun kuwa kantunan kayan masarufi ne da teburan masu shayi. Kwana biyu nake yi a kan babur, in ba a yi ruwa ba. A ofishin mazaɓa Lissafi suke kirana, wai ko gaisawa na yi da mutum sai na ƙirga yatsunsa. Ban taɓa musu ba, don sau ɗaya na samu shida.

Takardar ta Honarabul ce, 'yar majalisar dokokin jiha da ke wakiltar mazaɓarmu. Kafin siyasa malamar tarihi ce, kuma har yau alli bai gama fita daga hannunta ba. Da kanta take rubutawa, falle huɗu. Na farko tarihi: wanda ya haƙa rijiyar farko a bayan kasuwa, dalilin da ya sa titin tasha ya karkace, da ire-irensu. Na biyu dokokin da ake muhawara a kansu a majalisa, an warware su yadda kowa zai gane. Na uku harkokin unguwa, wato ranar rigakafi, ranar duban ido, wace kwalbati za a gyara. Na huɗu amsoshin tambayoyin da jama'a suka aiko.

Fitowa arba'in da uku muka yi lafiya lau. Da na gama raba ta arba'in da huɗu sai Sakataren ofis ya taso da magana a taron safiyar Litinin. Ya ce zamani ya wuce takarda, saƙon waya ya isa, kuma shi da idonsa ya ga mai gyaɗa tana ƙunshi da shafin tarihi. Na buɗe baki zan kare, Honarabul ta ɗaga mini hannu.

"Lissafi, kwana nawa ya rage mu aika da ta wata mai zuwa maɗaba'a?"

"Sha tara, ranki ya daɗe."

"To ka kawo mini shaidar ana karantawa. Kada ka ce mini ana ɗauka, ɗauka daban karatu daban. In babu shaida, wannan da ka raba ita ce ta ƙarshe."

Ba aikina ne zai tafi ba, da ma akwai fayil-fayil da ke jirana a kan teburi. Takardar nake ji. Ni na ɗauko fitowar farko daga maɗaba'a tana da ɗuminta, na goya ta a bayan babur kamar jaririya, kuma ban shirya ganin an binne ta ba.

Washegari na bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya ina ƙirga abin da ya rage. Gaskiya ɗaci gare ta. A tasha na samu damin da na ajiye ko igiyarsa ba a kwance ba. A wani shagon aski an tokare ƙafar kujera da kwafi goma sha biyu. Jimilla ɗari shida da casa'in da ɗaya ba wanda ya taɓa su. Wuri ɗaya ne ya sanyaya mini rai, kemis ɗin da ke kwanar layin masu walda, inda nake ajiye ɗari cif. Ko ɗaya babu. Mai kemis ya ce ai kullum haka ne, ba sa kwana biyu. Na ce abin nema ya samu, na ciro biro zan rubuta su wa ke ɗauka. Ya ce kada in ɓata tawada, mutum ɗaya ne, Baba Mai Kari, mai gugar da ke bayansu. Kuma ba karantawa yake kai wa kowa ba, cikin riguna yake cusa su don su yi ƙarfi.

Taku sittin da huɗu ne daga kemis zuwa shagon, kuma a kowane taku ina shirya irin wankin babban bargon da zan yi masa.

Ɗaki ɗaya ne, taku biyar a huɗu. Dogon teburi an shimfiɗa masa bargo biyu da farin ƙyalle. Dutsen guga uku na gawayi, ɗaya a hannu, biyu suna jiran layi a bakin ƙofa. Kanta hawa biyar cike da ƙullin kaya, kowane da 'yar takardar suna a maƙale. Ƙamshin sitaci da hayaƙi ne suka fara yi mini maraba. A gefen ƙofa wata dattijuwa ce zaune a kan 'yar kujera, da gwangwanin maɓallai a cinyarta. Shi kuma dogo ne siriri, hannunsa na dama ya fi na hagu kauri ƙarara, yana yayyafa wa wata farar riga ruwa da yatsu. A ƙarshen teburin ga takardarmu, an zare mata ƙusa, an raba ta tuli huɗu, kowane shafi da tulinsa, an danne da duwatsu.

Furfura tana kashe wa mutum baki. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe su, sannan na faɗi daga inda nake. Dattijuwar ta kalli mijinta tana dariya.

"To Malam, ga masu takarda sun biyo sawu. Ni dai ba ruwana, maɓalli nake ɗinkawa."

Bai ko ɗago ba. Ya ce in zauna, ba a barin hannun riga rabi. Minti huɗu na zauna ina kallonsa. Ya gama, ya ninke rigar ninki uku, ya duba sunan gidan, ya miƙa hannu ya tsallake tuli na ɗaya da na biyu, ya ɗauko falle daga na uku. Ya zaro jan fensir daga bayan kunne, ya kewaye wani wuri, sannan ya sa fallen a ƙirjin rigar ya rufe. Na tambaye shi me ya sa na uku, tunda duk takarda takarda ce.

"Zo ka duba maɓallin nan, ɗana. Me ka gani?"

Na ce maɓalli na gani. Ya ce in ƙara dubawa. Farar riga ce, amma an ɗinka maɓallin da zare ruwan toka, kuma cikin huda huɗu allura uku ta bi. Ya ce shekara sha takwas yake goge kayan gidan nan, uwargidan ita ke yin 'yan gyare-gyarenta, kuma ba ta taɓa kuskuren zare ba sai a watanni biyun nan, yanzu ga na uku. Idonta ne ya fara gajiya, ita kuwa ba za ta faɗa ba. Abin da ya kewaye shi ne sanarwar duban ido kyauta, ranar sha huɗu ga wata, ƙarfe takwas na safe.

Wankin babban bargon nan ban san inda ya shige ba. Na gyara zama, na ciro littafina. Kwana uku na yi ina komawa shagon, kuma ga abin da na tara.

Shekarunsa sittin da huɗu, shi ne na fari cikin 'ya'ya takwas. Yana ɗan shekara sha shida ya shiga ɗakin wankin asibiti, ya yi shekara ashirin da biyu yana wanke zannuwan gado. A can ya koyi karatun tufa tun kafin ya san harafi. In aka zube masa zannuwa yakan ware na ɗakin haihuwa da na masu karaya da na yara ba tare da ya duba tambari ba, har ma'aikatan jinya suna gwada shi don nishaɗi. Da ƙafafunsa suka gaji da tsayuwa cikin ruwa sai ya ajiye wanki, ya buɗe shagon guga, yau shekara ashirin da shida. Sunan Mai Kari kuwa wani direba ya sa masa, wanda ya rantse karin wandonsa ya yanke shi a yatsa.

Karatun takarda yana da shekara arba'in da ɗaya ya koya, kuma zare ne ya tilasta masa. Da farko kowane gida da launin zarensa yake ɗaurawa a ƙulli. Da gidaje suka kai talatin launuka suka ƙare, ya fara haɗa biyu-biyu, har ranar da ya aika wa wani limami kayan ɗan ƙwallo. Inna, wato matarsa, ta ce ko dai ya koyi rubuta suna ko ya rufe shago. Babbar 'yarsu, da ke aji huɗu a lokacin, ita ta koya masa da littattafanta, kuma ba ta raga masa ba, in ya yi kuskure sai ya sake sau goma. Yanzu ita ce shugabar wata makarantar firamare, kuma yana cewa a kansa ta yi gwajin aiki. 'Ya'yansu shida, jikoki sha ɗaya, aure shekara talatin da tara. Na tambayi Inna sirrin zaman, ta ce shi yana fama da wuta ita tana fama da allura, ba mai hannun da zai nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Gidaje tamanin da bakwai ne ke kawo masa kaya, yawanci sau ɗaya a mako. Na buga lissafi, ƙulli ɗari uku da arba'in da takwas a wata. Kwafi ɗari falle ɗari huɗu ne. Ashe ba haɗama ya yi ba, daidai bukatarsa ya ɗauka, da 'yar rara saboda baƙi.

Ya ce da tsofaffin jaridu yake amfani, sai tawadarsu ta ɓata wa wani ango farar riga. Ya ga tamu a kemis, takarda mai kauri, ba ta zuba, ya fara ɗauka don ƙarfinta kawai. Yakan karanta ta yana jiran gawayi ya kama. Wata rana wata mata ta zo har shago tana yi masa godiya, wai ba don fallen da ta samu cikin rigar mijinta ba da ranar rigakafi ta wuce ta. Shi kuwa a makance ya sa. Daga ranar ya ce tunda abin yana shiga ido, bari ya riƙa duba idon wa zai shiga.

Gidan da wandon makaranta ya ɗage ya bar idon sawu a waje, ya san yaro ya kusa gama firamare, sai ya sa sanarwar rajistar sakandare. Gidan da farar ƙurar siminti ke fita daga aljihu, shafin dokar gine-gine. Mutumin da kayan aikinsa suka daina zuwa, sai na zaman gida kawai, tarihi yake ba shi, don a cewarsa wanda ya bar aiki lokaci ya yi masa yawa, kuma yana bukatar abin da zai kafa hujja da shi a teburin mai shayi. Sabon gida ma tarihi yake sa musu, har sai ya goge musu ƙulli uku ya san su.

Na tambaye shi ko ya taɓa kuskure. Ya duƙa yana hura gawayi. Inna ce ta amsa, har tana ajiye allura don ta ji daɗin bayarwa. Wai akwai matar wani malamin makaranta da aka fara kawo rigunanta an buɗe musu ɗinki ta gefe, ɗaya, biyu, uku. Malam ya ce shi ke nan, an samu ƙaruwa, ya kewaye ranakun awon ciki da jan fensir har sau biyu. Surukar matar ce ta kwance ƙullin. Kafin la'asar dangi sun fara kiran waya suna barka. Ashe baiwar Allah ba komai, hankalinta ne ya kwanta ta yi ƙiba.

"Wata biyu ba su kawo kaya ba," in ji shi.

"Amma ka faɗi ƙarshen mana," in ji Inna.

"Bayan shekara ta haihu."

"Shi ne yake cewa wai bai yi kuskure ba, sauri ya yi."

A rana ta uku na gaya masa abin da ya kawo ni, cewa saura kwana sha huɗu a rufe takardar, kuma shi ne shaidata. Na ce zan ɗauki hotonsa, in rubuta yadda yake yi, in kai ofis, wataƙila ma a buga shi a shafin farko. Ya ajiye dutsen guga a kan mazauninsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ana tsakiyar riga ba.

"A'a, ɗana. Mai wanki ido gare shi, ba shi da baki. Ranar da mutane suka ji ina karanta rigunansu, wa zai sake kawo mini ta ciki?"

Na roƙe shi, na kawo hujja bakwai, ya rushe su da kai kawai. Daga ƙarshe ya yarda da kunne ɗaya. In gaya wa Honarabul ita kaɗai, da baki, ba a rubuce ba.

Na same ta bayan an tashi daga aiki, na zayyana mata komai, har da gidaje da ƙulli da falle. Ta yi dariya sosai a wurin matar malamin makaranta. Da na gama sai ta ce labari ne mai daɗi, amma ita malama ce, ba ta ba da maki sai ta yi jarrabawa. Za ta aika masa da ƙulli ta hannun wata maƙwabciya, ba suna, ba bayani. In fallen da ya dawo ya dace da mai kayan, kuma mai kayan ya karanta, takarda ta tsira. Ta ce in na kuskura na yi masa hannunka mai sanda za ta gane, don fuskata ba ta iya ɓoye ko sisin magana.

Sai da na hau babur na tuna abin da ya ce game da sabon gida. Tarihi zai sa. Honarabul za ta buɗe ta ga labarin rijiya, ta ce to, ai wannan kowa ma zai iya. Kwana uku ƙulli yake yi a wurinsa. A kwana ukun nan sau tara na bi ta gaban shagon ban tsaya ba. A na shida Inna ta ɗaga murya ta tambaye ni ko babur ɗin ne ba shi da birki.

Ranar Alhamis da hantsi aka ce Honarabul tana kirana. Matakala biyar ce a ƙofar ofishinmu, na haye su da tsalle biyu. Na tarar da wani tsoho a kujerar baƙi, cikin riga ruwan ƙasa mai kari kamar wuƙa, sanduna biyu irin na dogarawa a hammata suna jingine a gefensa, yana haki bai gama hucewa ba. A hannunsa falle na biyu ne, shafin dokoki. Honarabul tana tsaye a bayan teburinta kamar ɗalibar da aka kama ba ta yi aikin gida ba. Ta ce mahaifinta ne.

Ashe kayansa ta aika. Tsohon makanikin manyan motoci ne, shekara bakwai da suka wuce injin ya faɗo masa a ƙafar hagu. Ba ya son a tausaya masa, ko kujera aka ja masa sai ya yi faɗa. Takardar 'yarsa kuwa bai taɓa karantawa ba, yana cewa in tana da magana ta zo ta faɗa masa da baki, shi ya koya mata magana. Ita kuma wata takwas tana fama da wani ƙudurin doka da zai tilasta a yi hanya mai gangara a gefen matakalar kowane asibiti da makaranta da ofishin gwamnati, kuma ba ta taɓa gaya masa ba, don kada ya ce saboda shi ne.

Ya miƙo mini fallen. An kewaye ƙudurin da jan fensir, a ƙasa kuma an rubuta da manyan haruffa masu karkata: Zaman jin ra'ayin jama'a, Laraba ƙarfe goma. Masu sanda su ya kamata su yi magana.

"Mai guga ne zai gaya mini abin da 'yata take yi," in ji tsohon. "Ina cikin gida ɗaya da ke."

"Abba, na san halinka ne."

"Kin san halina, amma ba ki san gangara ba. Na karanta sau uku. Ina maganar ƙarfen riƙewa? Gangara ba abin riƙewa ai tarko ce, in aka yi ruwa sai dai a tsince mu a ƙasa. Wa ya rubuta muku wannan, mai ƙafa biyu?"

Ta ce masu ƙafa biyu ne su goma sha ɗaya. Ya ce ya gani. Ta ɗauki biro tana rubutawa, yana faɗa mata tsayin ƙarfen da faɗin hanyar, da dalilin da ya sa ba a son tayil mai santsi. Idonta ya ciko, amma bakinta har kunne. Minti ashirin da biyar na tsaya ba wanda ya tuna da ni. Ran Laraba ya je zaman, ya zo da abokansa shida, huɗu da sanda biyu a keke, kuma aka ƙara sakin layi biyu a ƙudurin.

Amma kafin Larabar, a ranar Alhamis ɗin da yamma, tsohon ya ce sai an kai shi ya ga mutumin da ya leƙa hammatarsa. Muka tafi mu uku. Baba Mai Kari na ganin Honarabul ta sunkuyo ta shigo shagon sai ya kalle ni, irin kallon da ke cewa kunne ɗaya muka yi da kai. Na ce wallahi ɗaya ne, na biyun shi ya jawo shi da fensirinsa.

Tsohon ya zauna a bencin ƙofa ya tambaye shi yadda aka yi. Ya ce ba wani abu ba ne. Riga huɗu duk sun sule a hammata, dama da hagu, wando uku kuma bakin ƙafar dama ya ci ƙasa, na hagu sabo fil. Ya ce ƙa'idarsa sabon gida tarihi ne, har ya ɗauko, sai ya ga zaman saura kwana shida, in ya jira ƙulli uku an gama ba su. Tsohon ya ce da ya same shi a gareji da ya ba shi duban injin, don irin idon nan ake nema. Suka tafa, suka shiga hirar ciwon gwiwa kamar sun shekara da sanin juna.

Da Honarabul ta fara yi masa godiya sai ya katse ta cikin ladabi, ya ce shi dai roƙonsa ɗaya, kada maganar ta fita, don masu kawo kaya ba su sani ba. Inna ta saki dariya har gwangwanin maɓallai ya zube.

"Wa bai sani ba? Malam, gida tamanin da bakwai sun sani. Matar mai walda da gangan ta bar takardar asibiti a aljihun mijinta don ka sa masa maganar hawan jini. Kai kaɗai ne kake ɓoyewa."

"Tun yaushe?"

"Tun awon ciki."

Ya tsaya riƙe da fensir, ya kalle ta, ya kalle mu. Sai ya ce shekara biyu ke nan tana kallonsa yana rufe ƙulli da sauri in mutum ya shigo. Ta ce ai abin yana ba ta nishaɗi ne, ga shi ba su da talabijin a shago. Maɓalli hamsin da uku na tsince daga ƙasa kafin dariyar ta lafa.

A nan tsaye, tsakanin teburi da kanta, Honarabul ta yanke hukunci. Takarda za ta ci gaba. Sakatare zai samu saƙon wayarsa, ba a hana shi ba, amma bugu ba zai tsaya ba. Za a rage wuraren da ake zubarwa ba a ɗauka, ni kuma in nemo sauran masu guga na mazaɓar in ji ko akwai mai so ya koya. Daga baya na samu goma sha huɗu, biyar suka ce za su zo su ga yadda ake yi. Sannan ta tambayi Baba ko akwai abin da yake so a gyara a rubutun, tarihin ne ya yi tsawo ko dokokin ne ba sa fita.

Ya ce rubutu lafiya lau, ba shi da ta cewa. Takardar ce ta yi faɗi. A rigar babba tana zama daidai, amma a ta yara sai ta leƙo da yatsa biyu ta kowane gefe, dole ya bi da almakashi, wani lokaci har ya yanke ƙarshen jimla. Kuma gidajen masu yara su suka fi bukatar shafi na uku. Ya jawo wata rigar makaranta da ta yi wa wani jikansa kaɗan, ya goge, ya ninke, ya miƙo mini, ya ce ga ma'auni.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika na shiga maɗaba'a da fitowa ta arba'in da biyar a hannu ɗaya, leda a ɗaya hannun. Mai maɗaba'a ya karɓi rubutun, ya ce girman da aka saba ko. Na ce a'a, an canza. Ya jawo littafinsa ya ce inci nawa a nawa. Na zaro rigar na shimfiɗa masa a kan teburi, da karinta da komai.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, an kawo masa ma'auni da tafin hannu, an kawo da bulo, amma yau ne aka fara kawo masa da kwala. Sannan ya ɗauko rula ya auna, inci bakwai a tara da rabi, ya ce in dawo jibi da safe, kuma in tambayar masa ko Baban yana karɓar sababbin gidaje.